Tawadar Allah da Hasken Leza

1. Gabatarwa

Fata ita ce suturar farko da aka yi wa ɗan Adam, kuma a kanta ido yake fara sauka. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga mutum ya damu da ɗan ɗigon da ya fito masa a kunci fiye da yadda ya damu da ciwon da ke ɓoye a cikinsa. A 'yan shekarun nan labarin wata na'ura da ake kira leza ya bazu ƙwarai, har ya kai garuruwa irin su Yako, a ƙasar Ƙiru, ta cikin wayoyin hannu, inda akan nuna hoton fuska mai ɗige-ɗige, sa'an nan a nuna ta ta yi sumul kamar an shafe allo. Masu wannan na'ura galibi suna manyan birane ne, irin su Abuja da Legas, amma sha'awar aikinta ta riga ta shiga ƙauye.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana mece ce leza, da yadda take cire abin da ya tsiro a fata, da irin hatsarin da ke tattare da ita ga baƙar fata. Ginshiƙin maganar guda ɗaya ne, watau sanin abin da za a cire yana gaba da sanin abin da za a cire shi da shi. Wannan hukunci ya hau kan askar wanzami kamar yadda ya hau kan na'urar likita.

2. Sunayen abubuwan da ke fitowa a fata

Bahaushe ya bambanta abubuwan da ke bayyana a fata, ya ba kowanne suna. Akwai tabo, wanda saura ne na rauni ko ƙuna ko ƙurji. Akwai ƙari, watau kumburin da ke ƙarƙashin fata, wanda sau da yawa tarin kitse ne mai motsi in an taɓa shi. Akwai kyasbi da makero, waɗanda cututtuka ne masu jin magani. Sa'an nan akwai tawadar Allah, baƙin ɗigon da akan haifi mutum da shi, ko ya fito masa a ƙuruciya. Sunan kansa abin lura ne, domin ya nuna cewa Bahaushe bai ɗauki wannan ɗigo a matsayin cuta ba. Ya ɗauke shi alama ce daga cikin halitta, kamar ɗigon da alƙalami ya bari a takarda. Wasu ma ado suke ganinsa, musamman in ya zauna a gefen leɓe ko a kunci.

A ilmin likita, launin fata yana samuwa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke gindin fatar sama suke sarrafawa. Tawadar Allah ba kome ba ce illa wurin da waɗannan ƙwayoyi suka taru suka yi curi. Akwai kuma ɗige-ɗigen rana, masu launin ƙasa-ƙasa, da kan fito a hanci da kumatun fararen mutane. A waɗannan ƙwayoyin ba su ƙaru ba, sinadarin ne kawai ya yi yawa saboda dukan rana, shi ya sa sukan dushe in an daina shiga rana. A ƙasar Hausa an fi ganin irinsu ga masu hasken fata ƙwarai da kuma zabiya.

Abin da ya fi yawa a fuskar baƙin mutum kuwa wani abu ne dabam. Su ne ƙananan ƙuraje baƙaƙe, masu kama da ƙwayar gero, da kan fito a kumatu da gefen ido da wuya, su riƙa ƙaruwa da shekaru, kuma sukan bi jinin gida. Wani likita ɗan Italiya, Aldo Castellani, shi ya fara bayyana su a rubuce a shekarar 1925. Ba sa ciwo, ba sa yaɗuwa zuwa ga wani, ba sa kuma rikiɗewa su zama daji. Su ne mata da yawa suka fi neman a cire musu.

3. Aikin wanzami

Cire abu daga fata tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Wanzami shi ne mai wannan aiki, kuma zabirarsa tana ɗauke da askar aski da 'yar tsaga da ƙaho. Shi ke cire belu, ya yi shayi, ya yanke cindo, ya yi tsagar gado irin su kalangu da bille da 'yar baka, ya kuma yi tsagar magani. Idan maruru ya nuna akan yi masa sakiya, a huda shi da ƙarfe mai zafi don mugunya ta fita. Idan tsiro ne mai lilo, mai siririn wuya, akan ɗaure gindinsa da zare tamau, jini ya daina kai masa, ya bushe ya faɗi. A kasuwannin Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa wanzami yana kusa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma an san gidansu tun kaka da kakanni.

Duk waɗannan dabaru suna komawa ga abu uku: a yanke, ko a ƙone, ko a hana jini. Likitan zamani ma bai fita daga cikinsu ba, sai dai ya ƙara na huɗu, watau daskarar da tsiro da wani ruwa mai tsananin sanyi. Matsalar aikin gargajiya iri biyu ce. Ta farko, aska ɗaya da ta bi jikin mutane da yawa ba tare da an dafa ta ba tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani zuwa wani, ƙazantar rauni kuma tana iya jawo ciwon sarƙe-haƙora. Ta biyu, abin da aka yanke akan binne shi ne ko a jefar, ba wanda ya bincika ya ga mene ne. Za a ga nan gaba cewa leza ta tsira daga matsala ta farko, amma ta faɗa cikin ta biyu.

4. Asalin leza da yadda take aiki

Ya kamata a kiyaye kada a rikita leza da reza, ko da yake harafi ɗaya ne ya raba su. Reza ƙarfe ce, leza kuwa haske ce. An harhaɗa sunan ne daga haruffan farko na wasu kalmomin Turanci da ke nufin ƙarfafa haske ta hanyar zuga ƙwayoyin zarra su saki haskensu. Albert Einstein ne ya bayyana tushen wannan ilmi a 1917, amma ba a ƙera na'urar ba sai ranar 16 ga Mayu, 1960, sa'ad da Theodore Maiman ya kunna ta farko a Kalifoniya ta Amurka, da taimakon jan yakutu na haɗi. A farkon shekarun 1960 ɗin nan wani likitan fata na Jami'ar Cincinnati, Leon Goldman, ya fara gwada ta a jikin mutum. A 1964 Kumar Patel, haifaffen Indiya, ya ƙera irin da ke aiki da iskar kabon, wadda likitoci suke amfani da ita har yau.

Hasken rana ko na fitila gauraye ne na launuka da yawa, kuma yana watsuwa ta kowane gefe. Hasken leza launi ɗaya ne tak, yana tafiya a tsuke kamar kibiya, ana iya tara shi a wurin da bai fi tsinin allura ba. Duk ɗalibin da ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a cikin rana ya ga kwatankwacin abin. Akan auna kowane irin haske da tsawon zangonsa, ma'aunin kuwa shi ne nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Lezar yakutu tana da 694, wata mai suna Nd:YAG tana da 1064, ta iskar kabon kuwa 10,600.

Waɗannan alƙaluma suna da muhimmanci domin kowane abu a jiki yana da irin hasken da yake sha. Kowa ya san baƙar riga ta fi fara ɗaukar zafi da rana tsaka. Haka melanin yake shan wani haske, jan jini ya sha wani, ruwa ya sha wani. A 1983 masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka shimfiɗa ƙa'idar da aikin leza a fata ya ginu a kanta. Sharuɗɗanta uku ne. A zaɓi hasken da abin da ake hari ya fi sha. A sake shi cikin ɗan lokacin da bai isa zafi ya tsallaka zuwa naman da ke maƙwabtaka ba. A kuma ba shi ƙarfin da zai isa ya lalata abin. Misalin sharaɗi na biyu shi ne na mai ɗaukar garwashi da yatsa ya jefa a kasko: in ya yi sauri ya tsira, in ya yi nawa ya ƙone. Wasu na'urorin suna sakin haskensu cikin 'yan kashi kaɗan daga cikin kashi biliyan na daƙiƙa.

Daga nan aikin ya rabu biyu. Lezar da ke harin launi takan farfasa melanin ya zama gari, sa'an nan fararen ƙwayoyin jini su kwashe shi sannu a hankali cikin makonni. Wannan ita ta dace da ɗige-ɗigen rana da sauran tabon da ke kwance a saman fata, kuma sau da yawa sai an maimaita aikin. Lezar da ke harin ruwa kuwa, irin ta iskar kabon, tafasa ruwan da ke cikin nama take yi nan take, tsiron ya tashi ya zama hayaƙi, hawa-hawa, tana kuma toshe ƙananan jijiyoyi yadda jini ba zai zuba sosai ba. A taƙaice sakiya ce da haske. A kowane hali dole ne mai aiki da wanda ake yi wa su rufe ido da tabarau na musamman, domin wannan haske yana iya makantarwa.

5. Leza da baƙar fata

A 1975 wani likitan Harvard, Thomas Fitzpatrick, ya fara kasa fatar mutane aji-aji bisa ga yadda rana take ƙona ta, daga baya rabon ya kai aji shida. Galibin Hausawa suna aji na biyar da na shida. An fi gwada na'urorin farko a kan farar fata, inda baƙin ɗigo yake zaune shi kaɗai a farin fili, haske ya wuce fatar ya sami abin harinsa. A baƙar fata kuwa fili da ɗigon duk melanin ne. Hasken ba ya iya rarrabe baƙin da ake so a cire da baƙin da ake so a bari, saboda haka fatar lafiya ma takan sha rabonta na zafi.

Sakamakon kuskure a nan iri uku ne. Wurin yakan yi baƙi fiye da da, ya ɗauki watanni kafin ya washe. Ko kuma ƙwayoyin launi su mutu, a bar mutum da farin tabo wanda watakila ba zai koma ba har abada. Na uku shi ne tabo mai tsiro, wanda likitoci ke kira kiloyid, watau tabon da ke kumbura ya wuce iyakar raunin da ya haife shi, ya yi tauri, ya riƙa ƙaiƙayi. Baƙar fata ta fi saurin yinsa, kuma ya fi son fatar kunne da ƙirji da kafaɗa da haɓa. Duk wanda ya taɓa ganin yarinyar da hudar kunne ta bar mata curi kamar goro ya san shi. Yanke shi kawai yakan sa ya dawo, wani lokaci fiye da girmansa na farko. Wannan shi ne ainihin abin da Bahaushe ke nufi da garin neman gira a rasa ido.

Likitoci sun sami hanyoyin rage wannan hatsari. Sukan zaɓi haske mai dogon zango, irin na 1064, wanda melanin na saman fata ba ya sha da yawa. Sukan rage ƙarfi, su sanyaya fatar, su kuma fara gwaji a wani ɗan wuri ɓoyayye, a jira makonni a ga yadda zai warke. Wanda jikinsa ko danginsa ke yin tabo mai tsiro wajibi ne ya faɗa tun kafin a fara. Haka nan mai shafa man sauya launin fata, domin irin wannan mai yakan sa fata ta yi siriri, ta kuma yi jinkirin warkewa. Daɗin daɗawa, ƙananan ƙurajen nan baƙaƙe na fuska ba lalle sai da leza ake cire su ba. Ƙwararren likita yakan cire su da ɗan almakashi ko da allurar lantarki, a kan kuɗi kaɗan, sakamakon kuma ya yi kusa da na leza.

6. Tabon da ba a ƙonawa

Ƙwayoyin nan masu sarrafa melanin suna iya rikiɗewa su zama wani mugun daji da ake kira melanoma. A farkonsa ɗigo ne baƙi, ba ya ciwo, yana kama da tawadar Allah. In an yanke shi tun yana sama-sama, galibi akan warke sarai. In ya nutsa ya bi jini da kaluluwa, yakan kai hanta da huhu da ƙwaƙwalwa. Hanyar tabbatar da shi ɗaya ce: a yanke naman, a kai ɗakin bincike, a duba shi a ƙarƙashin madubin likita. Leza kuwa takan mai da naman hayaƙi, ba a bar kome da za a duba ba. Sau da yawa ma samansa kawai take ɗaukewa, saiwar ta rage a ƙasa, fata ta rufe a kanta. Ko tawada ce mai lafiya, in ta sake tsirowa bayan ƙuna takan canja kama har ta rikitar da mai bincike. Saboda wannan ne likitocin fata da yawa suka fi son wuƙa a kan leza in dai tawadar Allah ce za a cire.

Wannan daji bai yawaita ga baƙin mutum kamar yadda ya yawaita ga Bature ba, amma yana da wurin ɓuya. Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya sun sha nuna cewa a ƙafa ya fi fitowa, musamman a tafinta, kuma masu shi sukan zo asibiti a makare. Yakan fito kuma a tafin hannu da ƙarƙashin farce. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1977 aka gano nasa a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa, bayan an fara ɗaukarsa raunin ƙwallo ne. Ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

Wannan batu ya shafi kudancin Kano kai tsaye. Manomin shinkafa a Tudun Wada, da mai noman rani da ruwan madatsar Tiga, da makiyayi a gefen dajin Falgore, duk ƙafarsu tana cikin laka da ƙaya, ga faso ga kaushi. Baƙin tabo a irin wannan tafin ƙafa ba wanda zai kula da shi. In ya fashe sai a ce ƙaya ce ta karye a ciki, a kai wa wanzami ya tona, a zuba magani, a ɗaure, wata da watanni.

A 1985 wasu likitocin Jami'ar New York suka tsara alamomi huɗu na tawadar da ake tuhuma, aka ƙara ta biyar a 2004. Ta farko, in an raba ta biyu, rabin bai yi kama da ɗaya rabin ba. Ta biyu, bakinta ba shi da tsari, ya yi cako-cako. Ta uku, launinta ya fi ɗaya. Ta huɗu, faɗinta ya wuce milimita 6, kamar gindin fensir. Ta biyar, wadda ta fi sauran nauyi, tana canjawa: tana girma, ko ƙaiƙayi, ko zubar da jini. Baƙaƙen mutane da yawa suna da ɗigo a tafin ƙafa ko baƙin layi a farce tun ƙuruciya, ba kuwa abin tsoro ba ne. Wanda ake gudu shi ne sabon da ya fito wa babba, ko layin da ke ƙara faɗi har baƙinsa ya malala zuwa fatar gefen farce.

Akwai wasu mutane biyu da ya kamata a ambata. Zabiya ba shi da isasshen melanin da zai kare shi daga rana, saboda haka ɓawon da ya ƙi warkewa a kunnensa ko leɓensa ko wuyansa yana iya zama farkon wani dajin fata. Malafa da riga mai dogon hannu da zama a inuwa sun fi masa amfani a kan kowace na'ura. Sa'an nan mai tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi, wannan yana iya zama farkon kuturta. Maganinta ƙwayoyi ne, ana ba da su kyauta, kuma asibitin Yadakunya, wanda aka fi sani da asibitin Bela, ya daɗe a kan wannan aiki. Ƙona irin wannan tabo ɓata lokaci ne.

7. Hanyar da ta kamata a bi

Mutumin Yako da ya ga abin da bai gane ba a fatarsa, matakinsa na farko shi ne asibitin da ya fi kusa da shi, a duba, in da hali a ɗauki hoton wurin da waya, a ajiye fensir ko tsinken ashana a gefensa domin a gane girmansa in an sake dubawa. Idan akwai ɗaya daga cikin alamomin da aka zana, sai ya nemi takardar turawa. Daga Kwanar Ɗangora hanya biyu ce a buɗe: arewa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko kudu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Dukansu suna da ɗakin binciken nama.

Wanda kuma likita ya tabbatar masa abin da ke jikinsa mai lafiya ne, ya ga yana so a cire don ado, yana da tambayoyi huɗu da zai yi kafin ya kwanta. Shin mai riƙe da na'urar likita ne mai rajista? Ya saba aiki a kan baƙar fata? Za a fara gwaji a ɗan wuri? Sau nawa za a maimaita, kuma nawa ne jimlar kuɗin? Bayan aiki sai ya kiyaye rana, ya bar ɓawon ya faɗi da kansa.

Ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi suna da rawar takawa a nan. Wanzamai sun fi kowa ganin jikin mutanen karkara, kuma suna da shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Aska. In an zauna da su an nuna musu alamomin nan biyar, aka kuma roƙe su kada su sa aska a baƙin tabon tafin ƙafa ko gyambon da ya shekara bai warke ba, za su zama su ne masu fara turo marasa lafiya asibiti.

8. Kammalawa

An ga cewa leza haske ne mai launi ɗaya da ake tarawa a ƙone abin da aka nufa, kuma tana da amfani na gaskiya ga ɗige-ɗigen rana da ƙananan tsiron da ba su da illa. An ga kuma cewa baƙar fata tana bukatar na'urar da ta dace da ita da hannun da ya saba da ita, in ba haka ba a musanya ɗigo da tabon da ya fi shi muni. Mafi girman duka shi ne, na'urar tana ƙone shaidar da likita yake bukata domin ya raba tawadar Allah da daji. Mafi yawan abin da ke fatar mutum ba ya bukatar a taɓa shi ko kaɗan. Kaɗan daga ciki yana bukatar wuƙa da madubin bincike, kuma da gaggawa. Wanda ya san wannan bambanci, ko ya san inda zai je a bambanta masa, ya riga ya sami rabin magani.